Jikan Umma Ya Gado Ta

Unguwar Rimi, Kaduna.

Zuwa ga Yaya Mariya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, kuma ruwan Fatakwal bai hana ku sakat ba. Allah Ya ƙara muku lafiya. Baba yana nan kalau, ƙafar ta yi sauƙi har yana taka ta zuwa masallaci. Kin ji haihuwar Shamsiyya ta waya, amma ranar kuka muke yi mu duka, ba a ba ki labari yadda ya kamata ba.

Kin dai san Umma da gaggawa. Matar da ke kai ɗinkin Sallah tun kafin watan azumi ya tsaya, ta jiƙa waken alalar gobe yau da hantsi! Ita kanta cewa take aiki in yana jiranta ji take kamar tsakuwa a takalmi. To bara da Shamsiyya ke da ciki, haka ta daka yaji, ta tara itacen wanka, ta jera kayan jariri, sai Allah Ya karɓi abinSa. Ni na kwashe kayan nan na ɓoye, kuma wallahi ban manta idon Shamsiyya ba. Shi ya sa da ƙanwar tamu ta dawo gida da wannan cikin, ta roƙi Umma kada ta tanadi ko tsinke sai ta ji kukan yaro. Umma ta amsa, amma kamar an ɗaure mata hannu. Sai ta tsiri zuwa Rafin Guza kullum, wai duba ƙawarta Gwaggo Balaraba mai ciwon gwiwa. Har na tsokane ta, na ce wannan gwiwa ta fi Baba samun gata.

Kwatsam naƙuda ta zo cikin wata na bakwai. Yaya, na tsorata. Yaron ɗan mitsitsi, aka sa shi a kwalba, nas ta ce sanyi ne babban abokin gabarsa, a kawo hula da safa masu taushi daidai shi. Haruna, uban yaron, ya zaga kasuwa, duk wadda ya kawo sai ta rufe masa har hanci. Muna cikin haka Shamsiyya ta dubi Umma daga kan gado, ta tambaye ta ko da gaske ba ta yi komai ba. Umma ta sunkuyar da kai, ta ce a tura ni gidan Gwaggo Balaraba. Ashe saƙa take zuwa yi! Jaka guda na tarar, kuma saboda saurin ta ga ta gama, hulunan farko duk sun fito ƙanana, har Gwaggo na mata dariya wai na 'yar tsana ne. Su ne suka zauna masa cif.

An raɗa masa Ubaidullah. Har yanzu yana asibiti, amma ya fara kama nono, likita kuma ya ce nauyinsa na ƙaruwa. Shamsiyya ta soma dariya, tana cewa ɗanta kakarsa ya gado, shi ma bai iya jiran lokaci ba. Jiya na shiga na tarar da Umma zaune gaban kwalbar, hannunta ba komai, abin da ban taɓa gani ba tunda nake. Tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, wai ya bi a hankali, ba inda za ta, za ta jira shi ko zuwa yaushe ne. Fita na yi na share hawaye.

Ki taya mu addu'a a sallamo shi lafiya. Ki gaida Yaya Kabiru, da Maimuna da Sharhabil. Umma ta ce ki zo ki ga mijinta, amma ba sai kin yi sauri ba.

Taki ƙanwa,
Umaima