Tambayar da Ban San Mai Yin Ta Ba

Asabar, 3 ga Jimada Ula

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda babu abin da ke ɓuya gare Shi, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Don kaina nake wannan rubutu. Idan ya faɗa hannun wani bayan raina, ina yi masa sallama, ina kuma roƙon ya suturta abin da ya gani.

Yau da hantsi na zauna a ɗakin karatu ina jiran ɗalibaina, magidantan da ke ɗaukar darasi wurina kowace safiya. Ba wanda ya zo. Can sai maƙwabcina ladan ya leƙo, ya ce ai Auta ce ta kira su ɗaya bayan ɗaya, wai likita ya ce in huta. Auta, ƙaramar 'ya'yana. Ba ta shawarce ni ba, ba ta ko sanar da ni ba.

Na buɗe kwamfutar da ita ce ta kawo mini, ta mayar da ita Larabci, ta ƙara girman haruffa saboda idona. Tagar littafin da nake wallafawa tana buɗe kamar kullum. Na buɗe tagar saƙo kusa da ita, na rubuta wa Auta abin da na rubuta. A ciki akwai cewa kada ƙafarta ta sake taka ɗakina, akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Ban aika ba, aka kira Azahar. Maimakon in kifa murfin kamar yadda na saba, sai na danna wurin kashewa.

Ba ta mutu ba. Wata ƙaramar taga ce ta fito a tsakiya, ta hau kan manyan biyu, tana cewa: akwai aikin da ba a kammala ba, a kammala shi kafin a rufe? Eh, ko A'a. Babu suna a goshinta.

Na bar ta na tafi masallaci.

Lahadi, 4 ga Jimada Ula

Tana nan inda na bar ta.

Na fahimci kowace kalma da ke cikinta. Abin da ban sani ba shi ne mai maganar. Idan manhajar rubutu ce ke tambaya, to Eh yana nufin a adana babin shaida, wanda na yi kusan wata ina zuba shi kai tsaye daga ka, ba ni da ko layi ɗaya nasa a takarda. Adanawa aikin Auta ne duk ranar da ta zo, kuma tun da na fara babin aiki bai bar ta ta zauna ba. A'a kuwa yana nufin a zubar da shi.

Idan kuma manhajar saƙo ce, Eh yana nufin a aika wa Auta.

Shekaru ina gaya wa ɗalibai cewa mai hankali ba ya ba da fatawa sai ya san wanda ya yi tambaya da abin da ya kawo shi. Ga ni yau gaban tambayar da ba ta da fuska. Duk inda na taɓa ban da maballan nan biyu, sai na'urar ta yi ƙara ta ƙi motsi.

Litinin, 5 ga Jimada Ula

Na yanki takarda na manna a kan ɓangaren allon da saƙon yake, don masu shigowa.

Ladan ya shigo bayan La'asar, ya tsaya yana kallo. Ya ce, “Allah gafarta Malam, yaushe kwamfutar ta balaga har aka sa mata lulluɓi?”

Ban yi dariya ba. Na bayyana masa matsalar, ban da abin da ke ƙarƙashin takarda. Ya sa tabarau, ya matso har hancinsa na neman taɓa allon. Hukuncinsa na farko shi ne a duba kama: goshin ƙaramar shuɗi ne, na tagar littafi ma shuɗi ne, saboda haka 'yarta ce. Na ɗaga gefen takardar kaɗan na nuna masa goshin ɗayar. Shi ma shuɗi. Sai ya koma kan maƙwabtaka, wai ta fi karkata wajen littafin. Na ce masa kai ma ka fi kowa zama a ɗakin nan, amma ba ka cikin magadana.

Ya ce, “To rufe ido ka yi bisimilla ka danna ɗaya mana. Mu da muke hawa mota ba mu san direba ba.”

Allah Ya shirye shi. Mutumin kirki ne, amma da shi ne alƙali da an gama shari'un duniya kafin a karya kumallo.

Maiɗakina ta kawo ruwa, ta ce, “Malam, ka kira Auta mana, ai minti ɗaya ba za ta yi ba.” Na ce na ji.

Talata, 6 ga Jimada Ula

An ɗauke wuta tun safe. Na zauna ina kallon alamar batir tana raguwa, ban iya karanta komai ba. Idan kwamfutar ta mutu da kanta, wace amsa za a rubuta mini? An dawo da wutar kafin Magariba. Alhamdulillahi.

Laraba, 7 ga Jimada Ula

Na aika aka kira mai gyaran wayoyi na bakin titi, mutum mai furfura a gemu, ba yaro ba. Na yi zaton yau za a rabu.

Ya yi mini bayani, na kuma yi ƙoƙarin riƙewa. Ya ce babu tagar da ke fitowa da kanta, kowace akwai manhajar da ta buɗe ta, ko da ba a rubuta a goshinta ba. Ya ce ƙaramar taga irin wannan takan tsare uwarta ne: idan ka taɓa babbar da ta haife ta sai ta ƙi amsawa, sauran kuwa su amsa. Na ce wannan hujja ce mai kyau, a gwada.

Ya taɓa tagar littafi, ta ƙi. Na ji zuciyata ta yi sanyi, na kai hannu wajen Eh. Ya ce in dakata. Ya taɓa gefen tagar saƙo da ya leƙo daga ƙarƙashin takarda. Ita ma ta ƙi.

Ya sosa ƙeya. Wai da yake na riga na ba da umarnin kashewa, an tsare kowa da kowa. Sannan ya ƙara mini wani nauyin: mai yiwuwa ma ba ta ɗayansu ba ce, akwai manhajojin da ke aiki a ɓoye, ba su da taga sai ranar da suka ga dama. Wato shaidu biyu nake tuhuma, ashe gidan cike yake da waɗanda ban taɓa gani ba. Su wane ne? Wa ya shigo da su? Me suke yi a cikin littafina?

Ya ce saura hanya ɗaya, akwai wurin da na'urar ke jera duk manhajar da ke aiki, kowace da tagoginta a ƙarƙashinta. Ya danna wasu maballai, sai aka nemi kalmar sirri. Auta ce ta sa, tun ranar da na goge wani abu ban sani ba, kuma ita kaɗai ta san ta.

Ya kai hannu zai ɗaga takardar, na riƙe masa wuyan hannu. Ya ce, “Baba Malam, so kake in duba maras lafiya yana cikin bargo.” Na ce haka nake so. Ya tafi yana girgiza kai.

Na fi jiya rikicewa.

Alhamis, 8 ga Jimada Ula

Maiɗakina ta kira Auta ba da sanina ba. Za ta zo jibi. A gidan nan kowa ya koyi yanke hukunci a kaina.

Da na yi magana sai ta ce, “Malam, shekarunmu nawa tare? Abin da ke ƙarƙashin takardar nan ba karatu ba ne. Karatu ba ka ɓoye shi, cusa wa mutane shi kake yi.” Ta fita ta bar ni.

Na ɗaga takardar na sake karantawa. Har yanzu ina ganin ni ke da gaskiya a asalin maganar: ba a sallamar ɗaliban mutum yana raye, da hankalinsa. Amma akwai jimla biyu a ƙarshe... Bakin uba ba abin wasa ba ne, ni na sha faɗa wa mutane haka. Na nemi in goge su kaɗai. Ƙaramar taga ta hana. Sai na amsa ta tukuna.

Idan Auta ta zo, za ta cire takardar. Ba mai gyara ba ce da zan riƙe wa hannu.

Jumma'a, 9 ga Jimada Ula

Bayan an sauko daga masallaci na rufe ƙofa na zauna gabanta.

Na auna ta kowace fuska. Idan na ce Eh, ko babin ya tsira, ko saƙon ya tafi. Idan na ce A'a, ko babin ya hallaka, ko saƙon ya mutu. Ba ni da rinjaye ko na ƙwayar zarra a kan wace ce mai tambayar. Na tuna mas'alar shaidar makaho da na warware a babin, warwarar da ban taɓa samun irinta ba, kuma ban tabbata za ta sake zo mini ba a wannan shekaru.

Na danna A'a.

Allon ya yi baƙi gaba ɗaya. Ban san abin da na rasa ba. Ban kunna ba.

Asabar, 10 ga Jimada Ula

Auta ta zo da hantsi. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni, ba ta shigo ba sai da na ce ta shigo. Ta rame. Ban lura da haka ba a zuwanta na baya.

Na riga na cire takardar, sai tabon manni a allon. Ta kalle shi. Ta kunna, ta buɗe littafin. Ya tsaya a ƙarshen babin da ya gabata. Babin shaida babu shi, ko takensa babu.

Na ce ina so in san wace ce ta tambaye ni. Ta rubuta kalma ɗaya a littafin, ta yi kamar za ta rufe, sai ga ƙaramar tagar nan, ita ce dai, da shuɗin goshinta. Ta sa kalmar sirri, ta buɗe jerin nan da mai gyara ya ambata. Ga sunan manhajar rubutu, ga ƙaramar a rataye ƙarƙashinta. Ta kuma nuna mini cewa a layin ƙasan allo kowace manhaja tana da tambarinta, kuma tambarin mai tambaya yakan yi haske.

“Ta littafi ce, Baba. Da Eh ka danna da yana nan.” Sai idonta ya kawo ruwa. “Me ya sa ba ka kira ni ba? Wata guda fa kana wahala a kansa.”

Na ce Allah bai nufa ba.

Ta ci gaba da duba jerin. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Manhajar saƙo ma ta riƙe wani abu da ba a aika ba. Ban buɗe ba.”

Na ce ta bar shi. Ta ce to.

Maganar ɗalibai ita ta fara ta. Ta ce ta yi kuskure da ba ta gaya mini ba, amma ta san da ta gaya mini da na hana, kuma ita ce ta ga takardar gwajin zuciyata, ba ni ba. Na ce za mu yi maganar. Ba mu yi ba. Ta goge tabon mannin da gefen gyalenta.

Lahadi, 11 ga Jimada Ula

Na nemi mas'alar makahon a kaina. Rabi ya zo.

Talata, 13 ga Jimada Ula

Na buɗe tagar saƙo ni kaɗai. Yana nan yadda na bar shi. Na danna gogewa, wata ƙaramar taga ta fito: a goge har abada? Ban yi gaggawa ba. Na duba layin ƙasa, tambarin saƙo ne ke haske, na littafi yana zaune lafiya. Na danna Eh.

Ɗalibai za su dawo, amma Asabar da Talata kawai. Shawarar likita ce na bi, ba ta kowa ba. Auta za ta riƙa biyowa bayan ta tashi aiki, ina faɗa tana bugawa, don ta fi ni sauri, ba don wani abu ba. Jiya mun yi shafi. Ta tsayar da ni a wuri biyu ta ce ba ta gane ba, da na sake faɗa sai ya fi na farko fita. Ko kuwa na manta na farkon ne. Ban sani ba.

Allah Ya yi mata albarka, Ya ba ta masu jin ƙanta. Wanda ya karanta wannan, Allah Ya tsare harshensa daga abin da ba ya dawowa, Ya suturta shi duniya da lahira. Amin.