Wutar da Apai Ya Kunna

Nanga Sepan,
12 ga Satumba.

Zuwa ga yayana Aka Jimbun,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali a can Kuching. Ya aikin gini? Ciwon bayan ya lafa? Mu nan da sauƙi, sai dai ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Ka san tun shekarar da hayaƙi ya rufe makarantu shugaban ƙasa ya hana ƙona gona. Ni ban ga laifin dokar ba, don ni na yi jinyar tarin mahaifiyarmu Indai wata biyu. To amma mu da ba mu da tarakta, kuma ba mu da taki sai toka fa? Shekara biyu mahaifinmu Apai yana haƙuri, shinkafa na fitowa kamar gashin tsoho. Bana ya share kewayen gonar tudu, ya tsayar da maƙwabta shida da bokitai, ya jira iska ta kwanta, ya kunna wuta. Wutar ba ta tsallake iyaka ko da taku ɗaya ba.

Washegari 'yan sanda suka zo, wai daga sama aka hango ta. Apai ya ce su bari ya shanye kofinsa. Suka bari, ɗayansu ma ya karɓi nasa. Sannan suka tafi da shi.

Kada ka bar aikinka. Ka dai rubuto wa Indai, ba ta cin abinci.

Ƙanwarka,
Lulong.


Nanga Sepan,
28 ga Oktoba.

Aka Jimbun,

Ina gaishe ka da iyali. Wasiƙarka ta iso, sau uku Indai ta sa na karanta mata.

Apai ya dawo. Ranar shari'a duk mutanen dogon gidanmu, wato ƙauyen gaba ɗaya, suka tafi, kwalekwale tara. Lauya ta nuna cewa akwai tsohuwar doka da ta yarje wa ƙaramin manomi ƙuna irin ta gargajiya. Da aka ba Apai dama, abin da ya ce kawai shi ne, "Ranka ya daɗe, kurmin da ake cewa a tsare, wa ya tsare shi har kuka zo kuka same shi?" Aka sallame shi.

Yanzu an rubuta takardar neman gwamnati ta amince kurmin namu ne. An ce sai ta kai teburin shugaban ƙasa. Apai ne ya fara dangwala yatsa.

A hanyar dawowa daga kotu, Apai yana ganin lokacin shuka ya wuce shi. Ba mu gaya masa Indai ta tara matan gidan sun shuka gonar ba. Da safe muka raka shi tudu, ya tarar da shinkafa ta kai ƙwauri. Ya daɗe tsaye, ya ba mu baya. Can ya share fuska da hularsa ya ce, "Wa ya yi wannan shuka a karkace haka?"

Indai ta ce, "Wadda ba a kama ba."

Ka gaida yara.

Taka,
Lulong.