Zuwa ga Ishaku, Mai Raba Mana Ƙwallo

Abokina Ishaku,

Gaisuwa mai yawa, da fatan alheri a duk inda kake. Ni ne Bawa, dogon nan mai tsayawa ƙarƙashin kwando.

Jiya na bi ta filin ƙwallon kwando na kwalejinmu. Siminti ya tsattsage, ƙarfen kwando ɗaya ya karye, mutanen da suka gudo daga ƙauyukan Wasagu sun shanya dawa a kai. Na tambayi wasu ɗalibai ko sun taɓa jin sunanka, suka ce a'a.

Kai ne mafi gajarta a cikinmu, amma wasan duk a hannunka yake. Idonka na hagu, sai kawai in ji ƙwallo a ƙirjina ta dama. Maganarka kullum ɗaya ce: "Kai dai ruga, Dogo, na gan ka." Ranar da muka ɗauko kofin kwalejoji a Birnin Kebbi, sunana aka yi ta kira, don ni na fi zura ƙwallo. Wanda ya san wasa ya san daga hannun wa ƙwallayen suka fito.

Wani kulob a Legas ya neme ka a shekarar da babanka ya kwanta ciwo. Ka ce su bari a yi girbi. Aka yi girbi, Baba ya rasu, su kuma suka ɗauki wani. Ka koma gona, da yamma kana koya wa yara wasa, maza da mata. Ba ka taɓa nuna mana abin ya dame ka ba.

Sai ranar da ka hau babur za ka ɗauko gwaggonka daga ƙauye, 'yan bindiga suka tare hanya gaba da Ribah. Babur kawai aka tarar. Damina ta wuce, wata ma ta wuce, ba wanda ya kira mu ko don neman kuɗin fansa.

Yaran da ka koyar sun watse. Wasu sun shiga soja, wasu suna kabu-kabu. Matarka Rifkatu ta hana a yi mata gaisuwar mutuwa. Mamarka kuwa ta daina fitowa idan ta ji ƙarar babur.

'Yarka Ladi ta kawo mini ƙwallonka, wai in koya mata. Hannunta naka ne sak, ɗan'uwa, har tsoro ya kama ni. Amma wa za ta miƙa wa? Ƙawayenta duk iyayensu sun kwashe su sun bar garin. Bangon ɗakin girki take jifa, tana cafewa. Bayan girbi ita da Rifkatu su ma za su koma Kontagora, kuma ba ni da bakin hana su.

In kana raye, Ubangiji ya sassauta maka, ya buɗe maka hanyar gida. In ka riga mu, ya ba ka hutawa, ya aiko mana wanda zai faɗa mana, domin Rifkatu ta samu ta yi kukanta.

Naka har kullum,
Bawa, daga Zuru