Idan Hali Ya Yi

Talata, 8 ga Afrilu, 2025

Wata bakwai ke nan da rufe sakandaren garinmu, aka ce kowa ya koma ta Batsari saboda tsaro. Zango biyu ya rage in gama. Armaya'u ya yi mini alkawari kafin aure cewa zan ƙarasa, bai kuma janye ba. Amma hanyar nan ko shi da ke kai nama kasuwa sai ya yi addu'a yake hawa babur. Ya ce, "Ki jira a buɗe ta gida, Zuwai." Ina jira. Na gama littafin soyayya na huɗu a satin nan.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Iyayen yara za su kai ƙara! Malam Surajo, tsohon shugaban makarantar, ya aiko in rubuta musu koken don rubutuna ya fi kyau. Shafi uku. Na sa "hawayen allunanmu sun ƙafe". Armaya'u ya yi ta dariya, wai alƙali zai ɗauka takardar neman aure ce.

Ina hango ranar. Lauya ya miƙe, kotu ta yi tsit, alƙali ya buga guduma. A littattafai babi ɗaya ne.

Litinin, 5 ga Mayu

Kotun shari'a suka kai, don nan kowa ya sani, nan ake rabon gado da rikicin gona. Alƙali ya saurare su da mutunci, ya ce ba huruminsa ba ne. Mutum goma sha ɗaya sun bar sharar gona a banza.

Laraba, 14 ga Mayu

Tayyib, ƙanen Armaya'u da ke aikin lauya a Katsina, ya zo. Na saurara ta bayan labule, daga baya na kasa haƙuri na fito da tabarma. Ya ce ilimi na kowa ne, tarayya na da hannu, jiha na da hannu. Ginin da tallafin tarayya aka yi, malamai na jiha ne, filin kuma ƙaramar hukuma ta bayar. Kakar Armaya'u ta ce, "Jakin mutum uku ke nan, da yunwa zai kwana."

Na ce, ba an rubuta ilimi kyauta a tsarin mulki ba? Ya ce, "An rubuta, matar Yaya. Sashe na goma sha takwas. Amma an ƙara: idan hali ya yi. A kan wannan lauyoyi ke ta ja, ko kotu na iya tilastawa." Ya rubuta mini a bayan takardar naɗe nama.

Juma'a, 20 ga Yuni

Sun koma babbar kotu, ita kuma ta ɗage zama. Lauyan ɗaya ɓangaren ya ce ba nan ya kamata a kawo ba.

Asabar, 12 ga Yuli

An sake ɗagewa, sai bayan hutun kotu. Gero ya kai gwiwa a filin makarantar, wani ya shuka. Daga ƙofarmu nake ganin kwanon ajinmu. Taki ɗari biyu ne, na taɓa ƙirgawa.

Na ɗauki littafi, na kai inda alƙali ya yanke hukunci rana ɗaya. Na ajiye. Ban san me ya ba ni haushi ba.

Lahadi, 3 ga Agusta

Ruwa tun safe. Tayyib ya ce akwai jarrabawar 'yan waje, ba sai da makaranta ba. Ni dai ai kotu muke jira.

Ramlat da Surayya, 'yan ajinmu, sun shigo aron littafi, muka ɓige da lissafi har la'asar. Ba karatu ba ne, zama ne kawai.

Da a aji nakan ɓoye littafin soyayya cikin na lissafi. Yau Armaya'u ya leƙo ya gan ni da na soyayya a hannu, ya ce, "An ɗaura auren ne a ciki?" Na ce saura kaɗan. Bai ga na lissafin da ke cikin bangon ba.