Saɓar da Na Bari a Kan Dutse

Portland, Maine
Lahadi, bayan azahar

Zuwa ga Gwaggona Isha, a Kakuma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya. Allah Ya sauƙaƙa ciwon gwiwa, Ya kawo muku damina mai albarka. Mu nan sai godiya. Arbai matar Yaya ta kusa sauka, 'yarsu Nurto kuma ta fara haƙori tana cizon kowa, an ce halina ta ɗauko. Yaya Mberwa jiki ya yi sauƙi. Kada ki yi mamakin takarda daga wanda ya saba cika miki waya da surutu. Akwai maganar da in na buɗe baki zan mayar da ita wasa, shi ya sa na zauna na rubuta da baƙaƙen da muka koya a allo.

Labari ya iso mana cewa kin yanka akuya kin yi sadaka, kina gaya wa mata wai salla ce ta tsirar da ni Muyanki ranar da teku ta kusa cinye Yaya. Gwaggo, ki daina faɗa. Ƙarya na yi, kuma ga yadda abin ya faro.

Kin san aikinmu: in ruwa ya janye mu bi duwatsu muna tsintar dodon koɗi, ni da Yaya da tsohuwa Lorna, wadda a bakin tekun nan aka haifi kakarta. Ƙarƙashin kowane dutse akwai wata koriyar ƙaguwa mai ƙayoyi biyar a gefen kowane ido. Lorna ta tsane su, ta ce jiragen ruwa ne suka kawo su daga Turai tun tuni, suka zauna suna cinye mata abin sana'a. Na ce mata ashe baƙi ne irinmu, sai ta ce ai su gara su, ba sa zuba mata yashi a shayi. Ita ce ta nuna mini cewa ƙaguwa na yin saɓa kamar maciji. In jiki ya yi mata kaɗan, ɓawon yakan tsage ta baya, ta zare kanta da baya-baya, ƙafa bayan ƙafa, har 'yar fatar ido sai ta bar ta. Abin da ya rage a kan dutse ƙaguwa ce cikakkiya, sai kin ɗaga ki ji ba nauyi, ba wari, ba kowa a ciki. Mai rigar kuwa tana nan kusa, laushi kamar ɗanyen ƙulli, ta shige ƙarƙashin ciyawar teku har sabon ɓawo ya yi tauri, domin a kwanakin nan 'yan'uwanta ma cinye ta suke yi.

Ni da kin sani, me zan yi da wannan ilimi? Na dinga tara saɓa ina cusa wa Yaya a takalmi. Ya zura ƙafa ya ji ƙurus, ya daka tsalle yana salati, ya bi ni da bokiti yana cewa ɗan banza mai kan kabewa, wata rana sai wasana ya ci mutum.

Ran nan da safe hazo ya rufe teku, mutum ba ya ganin tsawon igiya. Sai shaiɗan ya raɗa mini in yi tawa saɓar. Na cire wandon robar nan mai haɗe da takalmi, da rigar ruwa da hula, na shimfiɗa su a bakin wani kwazazzabo da ruwa ke shiga da ƙarfi, hannun rigar ɗaya yana lilo a ciki. Na laɓe bayan dutse na toshe baki. Na ji takunsa, na ji bokiti ya faɗi. Ya kira ni, Muya. Ya sake kira, da wata murya da ban san yana da ita ba. Na ce a raina bari ya yi na uku, sannan in fito in ce masa ga fatalwa. Gwaggo, na ukun bai zo ba. Ƙarar ruwa kawai na ji.

Ya faɗa ruwa nemana da wandon robarsa a jiki, wandon ya cika da ruwa ya ja shi ƙasa, ga sanyin da ke yanka ƙashi ko a watan Yuni. Da ƙyar ni da Lorna muka jawo shi da igiya, leɓensa ya yi shuɗi. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, Yaya ruwan ya doka. Da aka tambaye ni a asibiti me ya raba ni da kayana, sai bakina ya ce alwala na je yi don in yi walaha. Ni, walaha! A masallaci dattawa suka dinga shafa mini kai. Lorna kallona kawai ta yi, kuma tun ranar ba ta sake zolayata ba.

Wata biyu Yaya yana gida. Yana cin gurasarmu ta mufo, yana salla, yana amsa gaisuwa da ka, amma kamar ki ɗaga shi ki ji ba nauyi. Bai sake kiran sunana ba. Ni kuma duk saɓar da na gani a bakin ruwa sai in ga kamar idon nan fari ni yake kallo. In hazo ya sauko ina hango rigata a bakin kwazazzabon, hannunta na lilo, alhali tana jikina. Tsuntsun teku ya yi kuka sau biyu, in tsaya cak ina jiran na uku. Na tambayi Lorna ko Yaya zai dawo daidai, ta ce mai sabon jiki ba a ɗaga masa dutse, a bar shi ya yi tauri. Ƙafar da ƙaguwa ta rasa ma tana fitowa, sai dai ƙarama. Na riƙe maganarta na fake da ita, na ce shiruna tausayi ne. Tsoro ne, Gwaggo.

Shekaranjiya da safe na zura ƙafa a takalmi, na ji ƙurus. Na zazzage, sai ga saɓa, a murƙushe. Yaya yana zaune a bakin ƙofa da kofin shayi, bai yi dariya ba. Na durƙusa na faɗa masa komai. Ya ce ya sani. Wai lokacin da muke jan sa ya ga fuskata da hannuwana a bushe ƙamas, mai alwala kuwa ba haka yake ba. Ya ce ba ruwan ne ke hana shi barci ba, rigar nan ce da ba kowa a ciki, domin a ransa ya riga ya binne ni kafin ya yi tsalle, kuma har yau bai gama tono ni ba. Ya ce zai yafe, amma sai na rubuta miki gaskiya da hannuna, kuma in tsaya ranar Juma'a in gaya wa dattawan da suka shafa mini kai.

To ga rabin farko na cika. Ki yafe mini akuyarki, ki yafe mini bakinki da na sa ya yaɗa ƙarya. In kin ga dama ki kira ki zage ni, zan riƙe wayar har ki gama, ba zan ce layi ya katse ba.

Ki gaishe da Kawu Mahina, da Sitei da yaranta, da Malam Lugazo in yana ganewa, ki ce masa bulalarsa ba ta isa ba. Arbai da Nurto suna gaishe ki.

Yanzun nan Yaya ya leƙo daga ɗaki yana tambaya ko na gama. Da sunana ya kira ni, sau ɗaya, a hankali. Ban jira na biyu ba.

Naki ɗanki mai neman gafara,
Muya