Ta Yaye Jaririnmu Saboda Maganar Da Na Faɗa

Hajiya, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ni manomi ne a wajen Gozaki, masara da waken suya nake nomawa. 'Yata Amatullahi shekararta shida. Tun farkon damina take zazzaɓi, duk ta ɗashe, dasashinta na zubar da jini. Maganin shawara da na maleriya babu wanda ba mu ba ta ba. Daga Malumfashi aka tura mu Zariya, can aka ce sankarar jini ce. Likita ya ce wani sauyi ne ya faru a ƙwayoyin halittarta, kuma gwajin da zai nuna irinsa sai an aika da jinin nesa.

Ni ban yi boko ba, ciwon jinin da na sani shi ne sikila, wadda ake gada. Ga shi surukina, mahaifin matata Hansai, sankarar jini ce ta yi ajalinsa da tsufansa. A mota muna dawowa, a gaban yayata, na ce wa Hansai, "Ashe daga gidanku ne."

Bayan kwana uku ta shafa maɗaci a nono, ta kai jaririnmu Awaisu ɗakin mahaifiyata, wai ta yaye shi. Watansa bakwai kacal. Ta ce nonon da ya cuci Amatullahi ba zai cuci wannan ba. Yau kwana tara, yaro ya ƙi koko, sai kuka, wuyansa duk ya zurma. Na lallashe ta, na yi faɗa, ta ce ai ni na faɗi gaskiya. Wallahi tsoro nake ji, kuma ban ma san ko gaskiyar ce na faɗa ba.

Uban Amatullahi

Malam, Allah ya ba Amatullahi lafiya. Na kai wasiƙarka wurin wata likitar jini. Ta ce ba kowane sauyin ƙwayar halitta ake gada ba. A yawancin masu wannan ciwo, sauyin a jikin mutum yake faruwa bayan an halicce shi, ba kamar sikila ba. Sankarar yara ma galibi daban take da ta tsofaffi. Akwai 'yan kaɗan da ke bin dangi, don haka ka gaya wa likitanku batun surukinka. Amma nonon Hansai bai sa wa kowa ciwo ba, kuma Awaisu na bukatarsa.

Ba na ganin ka mugu, firgita ce ta sa ka magana. Ita ma ba taurin kai take yi ba, ɗanta take karewa. Gobe ku kai yaron asibiti a duba shi, a nuna mata yadda za ta mayar da shi nono, don yakan dawo idan yaro na tsotsa. Kada kuma ku fasa zuwa Zariya ko sau ɗaya, yara da dama na warkewa idan ba a katse magani ba.

Sai dai lallashi a ɗaki ba zai yi ba. A gaban yayarka ka ɗora mata laifi, to ka kira yayar, ka kira mahaifiyarka, ka ce ka yi kuskure, ka nemi gafararta. Sannan ka ɗauko Awaisu da hannunka ka miƙa mata. Allah ya sa ka ji shi ya yi shiru a ƙirjinta.