Bindigar Baffa Dwight

Eufaula, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Corinne,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya karatu, yaya kuma kafaɗar? Mu nan lafiya lau, sai dai aladun daji sun sake tone mana gonar gyaɗa.

Na ga saƙonki cewa kin bar farauta. Mutane da yawa suna zaton girman harsashi ne ke kashe dabba. Shirme ne. Baffanki Dwight ya ɗora miki ƙatuwar bindigarsa .300 mai shurin tsiya, kika kuskure barewa sau biyu, sannan ya ce farauta ba ta mata ba ce. Wai shi! Bindigar da ta taɓa dukanki, jikinki ba ya mantawa. Kafin ki ja kunama kin riga kin runtse ido. Shekara talatin ina koya wa yara harbi, na san wannan ciwon. Ƙaramin harsashin 7mm-08 da nake amfani da shi ya ishi barewa, ya ishi alade, kuma ba ya cin kafaɗa.

Kada ki yanke shawara tukuna.

Goggonki,
Velma

Eufaula, 12 ga Nuwamba

Corinne tawa,

Gaisuwa da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi.

Jiya bayan coci Dwight ya zo yana ta cika baki, wai harsashina na kashe ɓera ne. Na kai shi bayan rumbu, na ce ya juya baya in loda masa bindigarsa, yadda nake yi wa ɗalibaina. Na saka masa harsashin gwaji, wanda ba ya tashi. Ya saita, ya ja kunama. Ƙyas kawai aka ji, amma mutumin nan ya runtse ido, ya noƙe wuya, bakin bindiga ya soki ƙasa. Ba abin da ya dake shi sai tsoro. Ashe duk shekarun nan da yake ɗora wa iska laifi, ƙatuwar bindigarsa yake tsoro. Ko sallama bai yi ba ya shiga motarsa.

Wannan ne alƙalin da ya yanke miki hukunci.

Ki zo ran Asabar. Na goge bindigata, na tanadi harsashi ashirin, har da na gwaji a ciki. Ni zan loda, ba za ki san wanne ne mai tashi ba. Ranar da aka ji ƙyas idonki na buɗe, sai mu shiga gona. Aladun ba su da niyyar tafiya.

Taki har kullum,
Goggo Velma